Hausa da Kimiyyar Lafiya: Auna Ran Tsokar Zuciya da Hoton Maganaɗisu

1.0 GABATARWA

Daga cikin ayyukan da ke jiran malamin Hausa akwai bayyana ilimin kimiyya da harshen da ɗalibai suka tashi da shi. Wannan aiki bai tsaya a cikin aji ba. A garuruwa da ƙauyukan ƙasar Yauri, kamar Birnin Yauri da Wara da Shanga da tsibiran Tafkin Kainji, sau da yawa malamin makaranta ake kai wa takardar asibiti a ce ya karanta ya faɗi abin da likita yake nufi. Abin da ya fito daga bakinsa yana iya sa iyali su sayar da shanu ko injin ban-ruwa domin neman magani, yana kuma iya sa su naɗe hannu su zauna a gida alhali akwai sauran dama.

Wannan babi ya ɗauki batu ɗaya daga fannin likitanci domin ya zama filin gwaji, wato yadda ake amfani da hoton maganaɗisu a gano ko tsokar zuciya tana da sauran rai bayan jijiyar da ke ciyar da ita ta toshe. An zaɓi batun ne saboda dalilai biyu. Na farko, sabon ilimi ne da keɓaɓɓun kalmominsa ba su riga sun zauna a Hausa ba. Na biyu, kalmar zuciya tana ɗauke da ma'anoni masu yawa a bakin Bahaushe, waɗanda kan karkatar da bayani idan ba a yi hattara ba.

2.0 MANUFAR DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bambanta ma'anar zuciya ta al'ada da ta likitanci;
(b) bayyana yadda jijiyar zuciya ke toshewa da halin da tsoka ke shiga;
(c) yin bayanin yadda hoton maganaɗisu ke rarrabe tsoka mai rai da tabo;
(d) amfani da dabarun samar da keɓaɓɓun kalmomi a kan wani sabon batu.

3.0 ƘUNSHIYAR DARASI

3.1 Zuciya a Bakin Bahaushe

A Hausa zuciya mazaunin tunani da hali ce kafin ta zama gaɓar jiki. Idan an ce wane ya yi zuciya, fushi ya yi. Mai ƙarfin zuciya jarumi ne, mai farar zuciya kuwa mutumin kirki ne. Tashin zuciya ba ya ma da alaƙa da zuciya, ciki ne ke neman amai. Ciwon zuciya kan zama baƙin ciki a wani muhallin, ya zama cuta a wani. Mutuwar zuciya kuwa lalaci ne da rashin himma.

Akwai wasu kalmomi biyu masu irin wannan matsala. Kalmar jijiya ta haɗa hanyar da ke fitar da jini daga zuciya, da wadda ke mayar da shi, da wadda ke kai saƙon ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, har ma da saiwar itace. Haka nan bugun zuciya yana nufin motsin da zuciya ke yi kullum, amma idan an ce zuciyar wane ta buga, an fahimci cewa ya faɗi ne, mai yiwuwa ma ya cika. Ke nan kalma ɗaya ta ɗauki alamar rai da alamar mutuwa. Wannan ba naƙasu ba ne ga harshe, domin kowane harshe yana da kalmomi masu harshen damo. Sai dai rubutun kimiyya yana bukatar kowace kalma ta tsaya a kan ma'ana ɗaya daga farkon bayani har ƙarshensa.

A wurin likita zuciya dunƙulen tsoka ce mai girman dunƙulen hannun mai ita, tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Tana bugawa kimanin sau 100,000 a yini, tana tura jini kimanin lita 5 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa. Ɗakin ƙasa na hagu shi ne mai tura jini zuwa dukkan jiki, bangonsa ya fi kauri, kusan santimita ɗaya, kuma a kansa wannan darasi ya fi mayar da hankali.

3.2 Jijiyoyin da Ke Ciyar da Zuciya

Ko da yake cikin zuciya cike yake da jini, tsokar bangonta ba daga nan take samun abincinta ba. Tana da nata jijiyoyin da suka fito daga gindin babbar jijiyar jiki suka kewaye ta ta waje. Akwai ta dama, akwai ta hagu wadda ta rabu gida biyu, shi ya sa likitoci kan ƙirga su uku. Kowace tana da yankin da take shayarwa, tamkar yadda kowace hanyar ruwa a lambun albasa na bakin tafki take da fangalin da take kai wa ruwa.

Da tafiyar shekaru kitse kan taru a cikin bangon jijiya ya rage faɗinta. Hawan jini da ciwon suga da shan taba da yawan kitse a jini da ƙiba da gado suna hanzarta wannan taruwa. Idan hanya ta ƙuntata, mutum kan ji ƙirjinsa ya ɗaure yayin da yake aiki, ya sake shi idan ya huta. Idan kuwa tarin kitsen ya fashe, jini ya daskare a kansa, sai jijiyar ta toshe farat ɗaya. Alamomin wannan su ne nauyi ko matsi a ƙirji wanda kan sauka zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa, da sarƙewar numfashi. Mutane da yawa kan ɗauka gyambon ciki ne ya tashi, su tsaya shan magani a gida.

A shekarar 1977 Keith Reimer da Robert Jennings da abokan aikinsu a Amurka sun nuna cewa mutuwar tsoka ba lokaci guda take aukuwa ba. Takan fara ne bayan kimanin minti 20 da yankewar jini, daga sashen bango na ciki, sannan ta riƙa cin gaba zuwa waje cikin sa'o'i kaɗan. Wannan bayani shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, domin yana nufin bango ɗaya yana iya kasancewa rabinsa na ciki ya mutu, rabinsa na waje yana raye.

Akwai kuma toshewar da ta daɗe, wadda likitoci ke ƙayyade ta da wata 3 ko fiye. A irin wannan hali wasu ƙananan jijiyoyi kan buɗe daga maƙwabciyar jijiya su riƙa kai ɗan jini, kamar fangalin da hanyarsa ta toshe amma yana samun laimar da ke tsattsafowa daga na kusa da shi. Laimar ba ta isa a yi yabanya mai kyau ba, amma takan hana shuka bushewa.

3.3 Halaye Uku na Tsokar da Ta Daina Motsi

Tsokar da aka ga ba ta motsi tana iya kasancewa cikin ɗaya daga halaye uku.

Na farko, matacciyar tsoka. Ƙwayoyinta sun mutu, jiki ya cike gurbinsu da tabo cikin makonni. Tabo ba ya matsewa, kuma ko an dawo masa da jini ba zai koma tsoka ba.

Na biyu, sumammiyar tsoka. Jini ya yanke mata na ɗan lokaci sannan ya dawo, ba ta mutu ba amma ta kasa aiki na kwanaki ko makonni. Eugene Braunwald da Robert Kloner ne suka yayata bayanin wannan hali a shekarar 1982.

Na uku, tsokar da ta daɗe tana samun jini ƙasa da bukatarta, sai ta rage aikinta domin ta tsira da ranta. Shahbudin Rahimtoola, likita haifaffen ƙasar Indiya da ya yi aiki a Amurka, shi ya shahara da bayanin wannan a shekarun 1980. Kalmar da aka ba halin a Ingilishi tana nuni ne ga dogon barcin da wasu dabbobin ƙasashen sanyi ke yi a lokacin hunturu. Ɗalibin da ya tashi a bakin Kwara bai san wannan barci ba, amma ya san gaiwa. Idan ruwan fadama ya janye, gaiwa takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta, ta rage numfashi da motsi, tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Wanda ya tono ta zai zaci ta mutu. Saboda haka a wannan babi an kira wannan hali kwanton gaiwa. Kwatancen ya dace ta fuska ta biyu ma, domin tsokar da ta daɗe a haka takan rame, idan lokaci ya yi tsawo kuma ta mutu.

Tambayar da likita ke fuskanta ita ce: daga cikin ukun nan, wanne ne a gabansa? Manomin da zai kashe kuɗi ya yashe hanyar ruwa yana bukatar ya fara sanin ko albasar ta yi yaushi ne ko ta bushe.

3.4 Asalin Hoton Maganaɗisu da Yadda Yake Aiki

A shekarar 1946 Felix Bloch da Edward Purcell, kowa da nasa ɗakin bincike a Amurka, suka gano cewa ƙwayoyin wasu abubuwa suna karɓar igiyar rediyo su mayar da ita idan an sa su cikin maganaɗisu mai ƙarfi. A 1973 Paul Lauterbur ya nuna yadda za a mayar da wannan amsa ta zama hoto, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila ya samar da hanyar hanzarta ɗaukarsa. An ba su biyun kyautar Nobel a 2003. Na'urar ita ce aka fi sani a asibitoci da haruffan MRI.

Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, ruwa kuwa yana ƙunshe da haidurojin. Idan majinyaci ya kwanta cikin ramin na'urar, ƙwayoyin haidurojin na jikinsa sukan jeru bisa jan maganaɗisun. Sai a aika musu igiyar rediyo ta karkatar da su. Da an ɗauke ta sai su koma yadda suke, suna fitar da wata siginar da na'urar ke karɓa. Tsoka da kitse da jini da tabo kowanne da saurin komawarsa, daga wannan bambanci kwamfuta ke zana hoto. Ƙarfin maganaɗisun da aka fi amfani da shi tesla 1.5 ne ko 3. Tesla 1.5 ya ninka jan maganaɗisun duniya kimanin sau 30,000, shi ya sa ba a shiga ɗakin da ƙarfe a jiki ko a aljihu. Hoton ba ya amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi.

Da yake zuciya ba ta tsayawa, ana manna wa majinyaci wayoyi a ƙirji domin na'urar ta bi bugunta, ana kuma umartarsa ya riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15 sau da dama. Gwajin kan ɗauki minti 45 zuwa sa'a ɗaya. A nan ma harshe yana da aiki, domin majinyacin da bai fahimci umarnin riƙe numfashi ba hotonsa ba zai fito sosai ba.

3.5 Matakan Auna Ran Tsoka

Mataki na farko shi ne hoto mai motsi. Likita yana kallon bangon ɗakin hagu yana matsewa yana sakewa, ya auna kaurinsa, ya kuma lissafa kason jinin da ɗakin ke fitarwa a bugu ɗaya. Lafiyayyen ɗaki kan fitar da kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke cikinsa. Domin a sami daidaito wajen rubuta sakamako, Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta fitar da tsari a 2002 wanda ya kasa bangon kashi 17, kowane kashi da jijiyar da aka fi danganta shi da ita.

Mataki na biyu shi ne auna shigar jini. Ana ba majinyaci maganin da ke buɗe jijiyoyi kamar yana aikin ƙarfi, a ga yankin da jini ya makara isa.

Mataki na uku shi ne zuciyar gwajin. Ana yi wa majinyaci allurar wani ruwa mai ɗauke da sinadarin gadoliniyam, a jira minti 10 zuwa 20, sannan a ɗauki hoto. Wannan sinadari ba ya iya shiga cikin ƙwayar tsoka mai rai, tsakankanin ƙwayoyi kawai yake ratsawa. A lafiyayyar tsoka ƙwayoyin a cushe suke, don haka yakan wuce da sauri. A tabo kuwa akwai sarari mai yawa, sai ya taru ya daɗe bai fita ba, kamar yadda ruwa ke saura a kwari bayan tudu ya tsane. A hoton, tsoka mai rai takan fito baƙa, tabo ya fito fari.

Abin da likita ke aunawa shi ne zurfin farin a cikin kaurin bango. A shekarar 2000 Raymond Kim da abokan aikinsa a birnin Shikago sun wallafa sakamakon nazarin majinyata 50 da aka ɗauki hotonsu kafin a buɗe musu hanyar jini. Daga cikin sassan bangon da ba su motsi sosai amma babu fari a cikinsu, kashi 78 cikin 100 sun farfaɗo bayan aikin. Daga cikin sassa 58 da fari ya ci fiye da kashi 75 cikin 100 na kaurinsu, ɗaya tak ya farfaɗo. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu, gwargwadon zurfin tabo gwargwadon raguwar fata. Daga nan likitoci suka ɗauki rabin kaurin bango a matsayin ma'auni: ƙasa da rabi akwai kyakkyawan zato, sama da rabi zaton ya yi rauni. Idan sakamako ya faɗo a tsakiya, akan ƙara da wani magani mai zaburar da tsoka a ga ko za ta motsa.

Siffar farin ma tana da bayani. Tabon toshewar jijiya daga cikin bango yake farawa, kamar yadda aka gani a sashe na 3.2, kuma yana bin yankin jijiya ɗaya. Tabon da ya fito a tsakiyar bango ko ta wajensa yana nuni ga wata cuta daban.

3.6 Iyakar Abin da Hoton Ke Faɗa

Hanyoyin dawo da jini biyu ne. Akwai tiyatar da ake ɗauko wata jijiya a yi wa jini ratse ya tsallake wurin da ya toshe, wadda René Favaloro ya kafa a 1967 a Amurka. Akwai kuma zura siririn bututu a buɗe jijiyar daga ciki, wanda Andreas Grüntzig ya fara a birnin Zurich a 1977, daga baya aka ƙara da barin wata 'yar ragar ƙarfe ta tokare wurin.

A da an ɗauka cewa duk inda aka ga tsoka mai rai, buɗe jijiya zai ƙara wa majinyaci kwana. Bincike na baya ya rage ƙarfin wannan zato. A wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya da majinyata 700 masu raunin ɗakin hagu, wanda aka wallafa a 2022, waɗanda aka buɗe wa jijiya da bututu ba su fi waɗanda aka tsaya ba su magunguna kaɗai tsira daga mutuwa ko kwanciya asibiti ba. Game da jijiyar da ta daɗe a toshe, an tabbatar buɗe ta yana rage ciwon ƙirji, amma ba a tabbatar yana tsawaita rai ba. Ke nan hoton shaida ɗaya ne daga cikin shaidun da likita ke haɗawa, tare da shekarun majinyaci da zafin ciwonsa da lafiyar ƙodarsa. Mai ciwon ƙoda mai tsanani da mai juna biyu da wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, duk sai an yi musu nazari na musamman kafin gwajin.

3.7 Halin da Ake Ciki a Arewacin Nijeriya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019. A Nijeriya an daɗe ana ɗaukar toshewar jijiyar zuciya a matsayin cutar Turawa. Wani nazari da Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato ya jagoranta, wanda ya tattara bayanan majinyata fiye da 1,000 daga manyan asibitocin ƙasar tsakanin 2013 da 2018, ya nuna cewa cutar tana nan, kuma da yawa daga majinyatan a makare suke isa asibiti.

Duk da haka ba kowane raunin zuciya ne toshewar jijiya ba. Hawan jini shi ne kan gaba wajen raunana zuciya a wannan yanki. Akwai kuma raunin zuciyar da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa, wanda Davidson da Parry suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970, Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya ci gaba da bincikensa a wannan ƙarni. Amfanin hoton maganaɗisu a nan shi ne taimakawa wajen rarrabe waɗannan cututtuka.

Na'urar ta manyan asibitoci ce, tana bukatar wutar lantarki marar yankewa, kuma ba kowace aka tanadar wa kayan auna zuciya ba. Majinyacin da ya taso daga tsibiri sai ya ƙetare ruwa zuwa Yelwa, daga nan a tura shi Birnin Kebbi ko Sakkwato ko gaba da nan. Idan aka tuna cewa tsoka cikin sa'o'i take mutuwa, za a ga cewa gane alamun ciwon da gaggauta zuwa asibiti mafi kusa sun fi kowace na'ura muhimmanci ga mutanen wannan yanki.

3.8 Dabarun Samar da Kalmomi

Idan aka koma kan bayanan da suka gabata za a ga an bi hanyoyi biyar.

(a) Aro da hausantarwa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, tsarinta BW ne ko BWW ko BWB. Shi ya sa ake saƙala wasali a kalmomin aro, kamar sikanin da haidurojin. Kalmar tesla ta shigo ba tare da gyara ba, domin gaɓoɓinta biyu sun dace da tsarin. Maganaɗisu tsohon aro ne daga Larabci, inda harafin ɗamisa hannu ya zama ɗ kamar yadda ya faru a ɗalibi da ɗabi'a.

(b) Faɗaɗa ma'ana. Ɗaki da bango da tabo da ratse kalmomin yau da kullum ne da aka ɗora wa sabon nauyi.

(c) Harɗawa da bayani. Hoton maganaɗisu, jijiyar ciyar da zuciya, ɗakin ƙasa na hagu. Ta wannan hanya ake warware harshen damon kalmar jijiya.

(d) Tsira. Ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i suna samar da sunan kayan aiki, kamar ma'auni daga auna. Bisa wannan ƙa'ida 'yar ragar da ke tokare jijiya za ta iya zama matokarin jijiya.

(e) Kwatance daga muhalli, kamar kwanton gaiwa.

Aikin da Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990 a kan keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa ya nuna cewa kalma ba ta zama sai masu fanni sun taru sun amince da ita. Don haka kalmar da malami ya ƙirƙira shawara ce, wajibi ne ya gwada ta a gaban ma'aikacin lafiya ya tabbatar ba ta sauya ma'ana ba, ya kuma gwada ta a gaban ɗalibai ya ga ko sun fahimta. A ajin da ke da 'ya'yan Gungawa da Kambari da Shangawa, waɗanda Hausa harshe na biyu ce ga wasunsu, kalma mai sauƙi ta fi kalma mai ƙawa.

3.9 Misalin Aiki

A ɗauka an kawo wa malami takardar wani dattijo masunci. Takardar ta ce jijiyar dama ta daɗe a toshe, bangon da take ciyarwa ba ya motsi sosai, fari ya ci kashi 25 cikin 100 na kaurinsa. Ga bayani iri biyu:

Na ɗaya: "Baba, sun ce jijiyarku ta toshe, wani ɓangaren zuciyarku ya mutu, ya yi fari."

Na biyu: "Baba, ɗaya daga hanyoyi uku masu kai wa naman zuciya jini ce ta toshe. Wurin da take ciyarwa, kashi ɗaya cikin huɗu ya zama tabo, kashi uku suna raye, sun yi kwanton gaiwa ne. Ko a buɗe hanyar ko a tsaya ga magani, likita ne zai ba ku shawara. Ranar komawa kada ta wuce, maganin kuma kada a fasa sha."

Bayani na ɗaya ba ƙarya ba ne, amma yana da aibi uku. Bai faɗi wace jijiya ba. Ya haɗa zuciya da mutuwa, abin da kan jefa mai sauraro cikin fid da rai. Ya kuma ambaci fari ba tare da bayani ba, alhali ga Bahaushe farar zuciya abin yabo ce, a hoton kuwa fari shi ne wurin da ya lalace. Bayani na biyu ya faɗi adadi, ya yi amfani da kwatancen da masunci ya sani, ya kuma mayar da hukunci ga mai shi. Aikin malami isar da ma'ana ne, ba ba da shawarar magani ba.

4.0 KAMMALAWA

An ga cewa tsokar zuciyar da ta daina motsi tana iya zama matacciya ko sumammiya ko mai kwanton gaiwa, kuma hoton maganaɗisu yana rarrabe su ta hanyar auna zurfin tabo a kaurin bango. An ga iyakar wannan hoto da wahalar samunsa ga mutanen ƙasar Yauri. Ta fuskar harshe kuwa, an nuna cewa Hausa tana da hanyoyin ɗaukar irin wannan ilimi, muddin mai bayani ya fahimci batun da kansa kafin ya nemi kalma, ya kuma kula da ma'anar da kalmar ta riga ta ɗauka a al'ada.

5.0 AUNA FAHIMTA

1. Kawo maganganu biyar masu ɗauke da kalmar zuciya waɗanda ba a ambata a darasin ba, tare da ma'anar kowace.
2. Me ya sa tabon toshewar jijiya yake farawa daga cikin bango?
3. Bambanta sumammiyar tsoka da mai kwanton gaiwa.
4. Bayyana dalilin da ya sa tabo ke fitowa fari a hoton maganaɗisu.
5. Rarraba waɗannan kalmomi gaɓa-gaɓa, ka nuna tsarin kowace gaɓa: maganaɗisu, matokari, asibiti, tesla.

6.0 JINGA

Ziyarci ma'aikacin lafiya a asibitin da ya fi kusa da kai, ka tattaro kalmomi goma da yake amfani da su wajen yi wa masu hawan jini bayani da Hausa. Nuna dabarar da aka bi wajen samar da kowace kalma, sannan ka rubuta darasin minti 40 a kan alamomin toshewar jijiyar zuciya domin 'yan aji uku na ƙaramar sakandare.